Jirgin da Ba Ya Shan Mai

A wajenmu Kafin Maiyaki, da zarar an yanke dawa an kai gida, kowane yaro ya zama maƙeri. Ga kara nan jibge a bakin gona da bayan danga. Sai ka zaɓi sille miƙaƙƙe, ka ɓare bayansa da reza, ka yanyanka totuwar, ka yi ta sokawa kana haɗawa har mota ta fito. Wasu tifa suke yi, wasu irin dogayen motocin nan da ke karyo kwana a Kwanar Ɗangora su bi ta wajenmu zuwa Tudun Wada da Doguwa, su ɓulle Jos. Ni jirgin sama ne ya ɗauke mini hankali. Nawa har tagogi gare shi, da tayoyin murfin kwalba, da tuta a jela. Abu ɗaya ne ba ya yi: tashi. Ɗaure shi nake da zare a kan sanda in ruga a guje, bakina na ƙugin inji. In aka jefa shi kuwa, ko ya kifa da hanci, ko ya ɗaga kai ya dawo da baya ya wargaje. Dukanmu mun yanke cewa rashin inji ne.

Wanda ya raba mu da wannan zato wani ɗan bautar ƙasa ne da aka turo makarantarmu wajen ƙarshen shekarun 1990, yana koyar da kimiyya. Hausarsa ba ta gama nuna ba, amma yana da haƙuri. Wata rana ya tsinci jirgina a ƙarƙashin benci, ya jinjina shi a tafin hannu.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Malam."

"Kana so ya yi kyau, ko kana so ya tashi?"

Na ce duka biyun. Ya ce a'a, yau dai ɗaya za a zaɓa.

A gabana ya cire tayoyin, ya cire tutar, ya zubar da gidan fasinjan gaba ɗaya. Kara ɗaya ya bari. Ya yanko dogon fallen kwalin sukari ya ɗora a kai a matsayin fiffike, ya ɗan tanƙwara bakinsa biyu suka kalli sama, ya yi ƙaramar jela. Sannan ya sa yatsunsa biyu a ƙarƙashin fiffiken, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gaba, ya saki. Jela ta rinjaya. Ya nemi ƙaramar ƙusa ya tura a totuwar hancin, ya sake gwadawa, ya ƙara turawa kaɗan, har abin ya kwanta daidai a kan yatsun. Bai wurga shi ba. Tura shi ya yi a hankali, hancin na ɗan duban ƙasa. Wannan tsiran kara ya ratsa ajin nan tun daga bango har ya daki allo, bai karkace ba. Ajin ya ɗauki ihu har sai da hedimasta ya leƙo.

Ranar ya ba mu labarin wani Bajamushe, Otto Lilienthal, wanda ya daɗe yana kallon yadda tsuntsaye dangin shamuwa ke shawagi, ya ƙera fukafukai yana dirowa da su daga kan tudu, har faɗuwa ta yi ajalinsa a 1896. Ya ce su kansu 'yan'uwan nan Wright na Amurka, daga 1900 zuwa 1902 jirgi marar inji suka yi ta gwadawa, sai da suka iya sarrafa shi sannan suka ɗora masa inji a 1903. Shekara 22 kacal bayan nan jiragen sojan saman Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano, a 1925. Tarihin bai zauna mini a lokacin ba. Yatsun nan biyu ne suka zauna.

Malam ya gama shekararsa ya tafi, mu ma muka girma, wasan kara ya koma hannun ƙannenmu. Abin bai sake motsa ni ba sai 2007, da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi ya cika gari, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano da injin mota Honda Civic da tarkacen babur. An ce ya ɗaga daga ƙasa kimanin ƙafa 7. A teburin mai shayi an yi ta musu, wasu na cewa gwamnati ta ɗauke shi, wasu na cewa wannan ai tsalle ne. Ina zaune da abokina mai gyaran rediyo, wanda kowa ke ce wa Injiniya, sai na ce masa ni na san jirgin da ba ruwansa da inji, linzami kawai ya rasa. Ya ajiye kofinsa ya ce linzami ai aikinsa ne.

Da rimot ɗin motar wasan yara ta gwanjo muka fara, irin mai aiki a kan megahaz 27. Bai yi ba. Irin wannan rimot bai san "kaɗan" ba, in dama ce dama ce gaba ɗaya, in hagu ce haka, ga shi ko tsawon filin ƙwallo ba ya kaiwa. Jirgi na jin umarni sai ya murɗe ya soki ƙasa. Muka jingine zancen har shekaru suka ja, na zama malamin makaranta, wayoyi masu intanet suka shigo hannu, muka ga yadda masu wannan sha'awa ke yi a wasu ƙasashe. A can suna da ƙungiyoyi da gasa, jirgin kuma gilaida suke ce masa. Wani ɗan kasuwa a Farm Centre da ke odar kaya daga Sin shi ya kawo mana rimot ƙirar FlySky mai gigahaz 2.4, da ɗan akwatin da ke karɓar saƙo a cikin jirgin, da ƙananan injinan nan masu ja da turawa da ake kira sarbo, kowane giram 9. Da Inna ta ji kuɗin, sai ta dube ni ta ce, "Yanzu kuɗin taki ka zuba a wasan yara?" Ban da amsa, don gaskiyarta ce.

Masu yi a Turai da icen balsa suke ƙira, wani ice marar nauyi da akasari daga Ekwado ake fitar da shi. Mu ba mu da shi, amma muna da tukurwa. A wajen masu yin gado da kujera muka samo busasshiya, muka fere gangar jikin jirgin da ita. Fiffike kuwa da farin soson nan da ake tallafe firji da talabijin a cikin kwali muka yi shi, wanda masu shaguna a Sabon Gari ke neman wanda zai kwashe musu. Yanka shi ne aiki. Wuƙa ɓarɓasa shi take. Injiniya ya warware wayar tsohuwar hita, ya ɗaure ta a jikin sanda ta yi baka, ya jona da batirin mota. Muka yanka siffar fiffiken a falankin filawud guda biyu, ƙasa a shafe, sama da ɗan doro wanda ya fi tudu wajen gaba, muka manna a kowane gefen soson. Shi ya riƙe wannan baki na riƙe wancan, muna ƙirga lamba tare don kada wani ya riga wani, waya na bin filawud tana ratsa soso da ɗan sauti, wari na cika shagon. In hannun ɗaya ya tsaya ko na ƙiftawar ido ne, sai wayar ta ci rami a wurin. Sufa-gulu ba ya shiri da wannan soso, narkar da shi yake nan take, sai farin gam na kafinta, a danne da bulo a bar shi ya kwana. Muka tsaga gora muka binne a tsawon fiffiken ta zama ƙashin bayansa, muka lulluɓe da faffaɗan salatif. Wayar ƙafar keke ita ta haɗa sarbo da jela: ɗaya na kaɗa jelar tsaye don juyawa, ɗaya na kaɗa ta kwance don ɗaga hanci ko sauke shi. Wutar kuma daga hanjin fawa-bank, wanda muka cusa a hanci ya zama har da ma'aunin nauyi. Fiffiken da roba muka ɗaure shi a jiki, don in an faɗi ya fita ya bar gangar, maimakon ya karye. Faɗinsa mita 2, nauyin jirgin duka bai kai kilo ɗaya ba a sikelin mai kanti. Ƙarshen aiki, na sa yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike.

Jirgin da ba inji sai an kai shi sama. Muka yanyanka tsofaffin tub na babur muka ƙulla, muka haɗa da zaren fatsa mai tsawon kusan mita 100 da muka saya wajen masunta a Tiga. A kafa turke a ɗaure robar, a ja zaren da baya har ya yi tauri, a maƙala zoben makulli a ƙugiyar da ke cikin jirgin, a fuskanci iska a saki. Sai ya miƙe sama yana fito, in ya kai ƙarshen zare zoben ya zame da kansa. Yara suka ba shi suna tun ranar farko, wai jirgin da ba ya shan mai.

Sai dai abin da muke yi a farkon nan saukowa ce kawai. Roba ta kai shi sama, ya zagayo, cikin minti ɗaya ko biyu yana ƙasa, tushiyar dawa na yagar salatif. Da sassafe muke fita, saboda lokacin iska a kwance take. Muna ta gyaran jirgi, a rage nan a kankare can, amma ba abin da ya ƙaru.

Wani dattijon Bafulatani da ke kawo shanu cin kara a gonakin bayan gari ya ɗau kwanaki yana kallonmu, sanda a wuya. Ran nan ya matso muka gaisa.

"Malam, wannan tsuntsun naka kullum da asuba kake tashinsa?"

"Eh, Baffa. In rana ta yi iska takan yi yawa."

"To ka taɓa ganin ungulu ta tashi da asuba?"

Ya nuna mini wani rimi can nesa wajen mahauta. Ya ce ka duba, suna nan a takure, ba za su motsa ba sai hantsi ya ɗaga sosai. Mutane na cewa lalaci ne. Ya ce jira suke ƙasa ta ɗau zafi. Sannan ya shiga nuna mini wurare da bakin sandarsa: kan faƙon can, kan falalen dutsen can, gonar da aka ƙone, saman gari inda kwanon rufi ya yi yawa. Nan suke fara jewa. Ya ce amma ba zan taɓa ganin sun hau ta kan fadama ba, ratsa ta kawai suke yi. Na tambaye shi wa ya koya masa. Ya yi dariya ya ce makiyayin da saniyarsa ta taɓa ɓata a daji ba ya buƙatar malami, sama yake kallo tun yana yaro.

Abin da Baffa ya faɗa shi ne abin da littattafan masu shawagi ke faɗa, ba ragi. Rana ba iska take ɗumamawa kai tsaye ba, ƙasa take gasawa, ƙasa kuma ta ɗumama iskar da ke kwance a kanta. Baƙar ƙasa da dutse da kwano sun fi saurin ɗaukar zafi a kan ciyawa mai laima. Iskar da ta yi zafi takan yi sauƙi, ta taru, sannan ta ɓalle ta yi sama, kamar yadda tafasa ke tasowa daga gindin tukunyar koko, nan ta ɓullo can ta ɓullo. Tsuntsun da ya faɗa cikinta ba ya buƙatar kaɗa fiffike, zagaye kawai zai yi ta yi don kada ya fita daga ciki. Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza, ana nufin ta hango mushe. Sau da yawa ba abin da ta hango tukuna, tsani take hawa.

Ranar Asabar ta gaba sai da rana ta kusa take tsaka muka ja roba. Injiniya ya kafa sanda ya ɗaura mata zaren tsohon kaset don mu riƙa ganin motsin iska. Muna tsaye, sai iskar ta ɗauke ɗif, wani ɗumi ya shafe mu, zaren kaset ya faɗi, can kuma ya ɗaga ya nuna wajen faƙo. Na saki. Jirgi ya rabu da zare, na nufi faƙon da shi. Yana isa sai fiffiken dama ya yi sama da kansa, jirgin ya nemi kaucewa hagu. Iskar mai hawa tana dama ke nan, ita ce ta ture shi. Na murɗa shi dama, na riƙe, na ɗan ɗaga hanci. Zagaye na farko ban ga komai ba. A na gaba sai na lura ina ƙara ɗaga kai. Jirgin na ƙanƙancewa, ba ƙara, ba hayaƙi. Yaran da ke ihu suka yi tsit. Sai ga shirwa ta shigo, ta bi bayansa ta leƙa shi ta sama ta leƙa ta ƙasa, ta ga ba nama ba ne, ta wuce shi. Can sama da su duka ungulaye biyu ne ke juyi, fiffike a shimfiɗe. A nan na ga iyakar ƙirarmu. Ni ina faman gyara da yatsa, ina fita ina komowa, su kuwa ko gashi ba su motsa ba, kuma cikin ɗan lokaci suka zama ɗigo. Wuyana ya ƙage, idona na hawaye saboda rana. Injiniya na gefe yana ta cewa, "Sauko da shi, Malam, sauko da shi, kuɗinmu ne a sama!" Da ƙyar na fito da shi daga iskar, don ta riga ta ja shi nesa, wajen hanyar Tudun Wada.

Daga nan shekara ta sake mini fasali. Damina ba fili, ko'ina shuka. Kaka ita ce lokacin daɗi. Hunturu na da iska mai ƙarfi daga arewa maso gabas, ga hazo, farin jirgi sai ya narke a ciki kana kallo, shi ya sa muka shafa wa ƙarƙashin fiffike baƙin fenti. Bazara ta fi kowane lokaci ƙarfin hawa, amma ba ta da ladabi. Guguwar nan da ke tashi tsakar rana tana kwasar ƙura da ganye, wadda yara ke gudu ana ce musu ta aljanu ce, ita ma iskar mai hawa ce da ta samu juyi. Mun taɓa barin jirgi ya kusance ta, ta karya gorar fiffiken gida biyu. In shamuwa ta iso gab da faɗuwar ruwa kuwa, an samu 'yan rakiya, don su ma gwanaye ne.

Mun je Tiga, dam ɗin da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako a farkon shekarun 1970, saboda duwatsun wajen. Can wata dabara ce daban. In iska ta daki dutse dole ta hau, to in ka tsaya a kai ka tura jirgi cikinta, zai yi ta kai da komo a gaban dutsen muddin tana busawa, ba roba ba zare. Injiniya ne da rimot, daɗi ya kwashe shi ya miƙa kan ruwa. Ruwa da rana ya fi ƙasa sanyi, iskar kansa sauka take. Jirgi ya yi ta nitsowa a hankali har ya kwanta a kan ruwan. Soso ba ya nutsewa, wani masunci ya ɗauko mana shi a kwale-kwale, yana tambaya ko akwai mutum a ciki. Kayan wutar dai sai da suka kwana cikin shinkafa.

Abin da ya rage mana sakewa ba faɗuwa ba ce. A 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta sanar cewa ba mai tashin jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Lokacin kuma dajin Falgore ya yi ƙaurin suna da ɓarayin shanu da masu tare hanya, har sojoji suka shiga. Duk abin da ya gitta a sama sai a ce leƙen asiri ne. Ban ga laifin kowa ba. Wanda aka kore wa garke ba zai tsaya bambance gilaida da jirgin ɗaukar hoto ba. Mai unguwa ya aiko a kira ni, na tafi da jirgin a kafaɗa, na kwance fiffike na buɗe masa cikin.

"Ranka ya daɗe, ga shi nan. Ba kyamara, ba inji."

Ya jujjuya shi, ya latsa soson da babban yatsa. "To Malam, in ba ya shan mai, me ke riƙe da shi a sama?"

"Abin da ke riƙe da ungulu, ranka ya daɗe."

Ya ce to ita ungulu ba a kai ƙararta wajensa. Muka rabu a kan cewa ba zan wuce filin makaranta ba, ba zan bari ya yi nisa ba, kuma duk ranar da zan tashe shi in sanar da 'yan sintiri. Wajen Doguwa da duwatsun Riruwai, inda na daɗe ina kwaɗayin zuwa saboda tsayinsu, na cire shi daga raina.

Ungulun da na kafa hujja da ita a gaban mai unguwa kuwa, a lokacin ma ta kusa ƙarewa. Muna yara, ranar kasuwa ba a iya ƙirga su a mahauta, har mahauta na korarsu da sanda. Sa'ad da na fara tashin jirgi 'yan kaɗan suka rage a rimin nan. Daga baya sai in ja roba in duba sama, shirwa kawai. Mutane da yawa ba su lura ba, don ba wanda ke kewar ungulu. Ni na lura ne saboda aikina ya tsaya. Ana kama su a sayar da kai da ƙafa da gashi ga masu haɗa magani da tsibbu, wasu kuma gubar da aka zuba wa mushe ce ke kashe su a lokaci ɗaya. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Tsuntsuwa ce mai ƙwai ɗaya a shekara, in aka ɗebe ta ba ta saurin mayarwa.

Injiniya ya koma harkar sola, sai jefi-jefi yake fitowa fili. Ni har yanzu nakan ja roba in kaka ta yi. Shirwa ba abin dogaro ba ce sosai, don tana kaɗa fiffike, kuma sau da yawa hankalinta na kan 'yan tsaki. Tsattsewa ta fi ta gaskiya: in ka ga sun taru suna wasa a wuri ɗaya can sama, ƙwari suke ci, iska mai hawa ce ta ɗago ƙwarin. Sai kuma baƙar leda. Washegarin kasuwa da tsakar rana za ka ga an ɗauke ta daga juji tana juyi tana hawa, wani lokaci har ta fi hasumiyar masallaci nisa. Ba ta neman tsakiyar iskar yadda ungulu ke yi, duk inda aka kai ta nan take zuwa, amma tana nuna inda hawan ya fara da inda ya nufa, kuma ita dai ba a rasa ta a garinmu.